ZUƘE KITSE: KUƊIN JINYA DA RANAKUN KASUWA DA BA A SA SU CIKIN LISSAFI

LEGAS: Daga cikin sana'o'in da suka bunƙasa a Legas da Abuja cikin 'yan shekarun nan akwai tiyatar gyaran jiki, musamman reshenta na zuƙe kitse daga tumbi da kwiɓi da cinyoyi. Asibitoci masu zaman kansu a unguwanni irin su Lekki da Ikoyi suna tallata wannan aiki dare da rana, yayin da dillalai ke shirya wa masu hali tafiya Turkiyya da sauran ƙasashe don a yi masu shi. Masu neman aikin sun haɗa da mata 'yan kasuwa da ma'aikatan bankuna da kuma maza masu teɓa waɗanda zaman shago ko ofis ya hana su motsa jiki.

Abin da tallar ke nunawa shi ne farashin aikin da hoton wanda aka yi wa bayan ya warke. Ba ta cika ambaton makonnin da ke tsakanin ɗakin tiyata da wannan hoto ba, alhali kuwa a cikinsu ne akasarin ɗawainiya da hasarar ranakun kasuwa da haɗarin rasa rai suke. Duk ɗan kasuwar da ke tunanin wannan aiki, ko don kansa ko don iyalinsa, wajibi ne ya sa jinyar cikin lissafi tun kafin ya ba da kafin alƙalami.

Girman kasuwar

Ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta duniya, watau ISAPS, ta bayyana cewa a shekarar 2022 an yi tiyatar zuƙe kitse fiye da sau miliyan 2.3 a duniya, abin da ya sa ta zama ta ɗaya cikin ayyukan gyaran jiki na wannan shekara. Amurka da Barazil ne kan gaba a wannan kasuwa.

Aikin ya daɗe yana cin mutane kafin a gano kansa. A shekarun 1920 wani likitan Faransa, Charles Dujarier, ya yi ƙoƙarin rage kitsen ƙafar wata mata, ƙafar ta ruɓe har aka yanke ta. A tsakiyar shekarun 1970 wasu likitoci biyu a birnin Rum, Arpad Fischer da ɗansa Giorgio, suka haɗa bututu da injin zuƙa, sannan Yves-Gérard Illouz na Faransa ya inganta dabarar da bututu mara tsini. A 1987 wani likitan fata na Kalifoniya, Jeffrey Klein, ya wallafa hanyar da aka fi bi a yau, inda ake fara ɗura wa wurin ruwan gishiri mai yawa haɗe da maganin kashe zafi da kuma maganin tsuke jijiyoyin jini. Wannan ya rage zubar jini ƙwarai, ya kuma sa ana iya yin aikin a ƙananan asibitoci. Wannan sauƙi ne ya buɗe kasuwar, shi ne kuma ya ba waɗanda ba su ƙware ba ƙofar shiga.

Abin da ake yi wa jiki

Aikin kan ɗauki sa'a ɗaya zuwa uku. Likita yakan huda fata a wurare kaɗan, ya zura siririn bututun ƙarfe, ya riƙa kai shi yana dawo da shi a ƙarƙashin fata har kitsen ya farfashe, injin kuma yana zuƙewa. Wanda ya dubi jikin daga waje ba zai ga kome ba sai 'yan ƙananan huji, amma a ciki akwai rauni mai faɗin duk inda bututun ya ratsa. Wannan ɓoyayyen rauni shi ake jinya, kuma rashin ganinsa da ido shi ke ruɗin mutane su koma harkokinsu kafin lokaci.

Ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Amurka ta ɗauki lita 5 a matsayin iyaka. Idan abin da aka zuƙe ya wuce haka, an shiga babban aiki ke nan, kuma ana so majiyyaci ya kwana a asibiti ana duba shi. Da yake nauyin kitse bai kai na ruwa ba, kuma abin da ake zuƙowa gauraye yake da ruwan da aka ɗura, lita 5 ba ta kai kilo 5 na kitse ba. Saboda haka mai nauyin kilo 120 da ke fatan tiyata ta mayar da shi 80 ya yi kuskuren lissafi tun daga tushe.

Yadda jinyar ke tafiya

Kwana uku na farko su ne mafi haɗari. Ruwa mai launin jini kan yi ta ɗiga daga hujin, jiri kan ɗebi majiyyaci idan ya miƙe, zafin kuma ya fi tsanani a wannan lokaci. Maganin kashe zafin da aka ɗura yana shiga jini sannu a hankali, ba ya kai ƙololuwarsa sai bayan kimanin sa'a 12 zuwa 14, watau a daidai lokacin da wanda aka sallama da yamma ke kwance a gida cikin dare. Idan an zarce ƙima, alamunsa sun haɗa da ƙarar kunne da ɗanɗanon ƙarfe a baki da ruɗewa da fizge-fizge. Don haka ne likitoci ke sharɗanta cewa babban mutum mai hankali ya kwana tare da majiyyaci a daren farko, kuma a san lambar da za a kira da motar da za a ɗauke shi.

Tun daga ranar farko ana so majiyyaci ya riƙa ɗan tattaki a cikin ɗaki, domin dogon kwanciya yana sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa. Ana kuma ɗaura masa rigar roba mai matse jiki wadda zai sa dare da rana har tsawon makonni, don ta rage kumburi ta kuma taimaki fata ta kwanta. A zafi da gumin Legas wannan riga ba ƙaramin aiki ba ce, kuma ana bukatar aƙalla biyu don a riƙa wankewa ana canzawa.

Hukumar kiwon lafiya ta Ingila, watau NHS, ta nuna cewa mutum kan bukaci kimanin mako biyu kafin ya warware, kuma ya guji aikin ƙarfi har kimanin mako huɗu. Fatar wurin kan mutu, ba ta jin taɓi, har mako shida zuwa takwas. Kumburi kuwa yana iya kai wata shida kafin ya sace sarai, sai a lokacin ne za a ga ainihin siffar da aka biya kuɗi dominta. A makonnin farko mutum na iya ganin ya ma fi da ƙiba, har sikeli ya nuna ƙarin nauyi saboda ruwan da jiki ya riƙe.

Akwai wasu abubuwa da suka shafi mutanen wannan yanki musamman. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai duhu ko mai tudu, don haka wanda ya san kunne ko ƙirjinsa ya taɓa yin irin wannan tabo ya faɗa wa likita tun da wuri. Haka kuma al'adar gasa jiki da ruwan zafi, irin wadda ake yi wa mai jego, tana da haɗari a nan, domin fatar da ba ta jin zafi tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba. Masu ciwon sukari da hawan jini da sikila da ƙarancin jini suna bukatar cikakken gwaji kafin a taɓa su. Ana kuma so mai shan taba ya daina tun makonni kafin aikin, sannan a gaya wa likita duk wani magani da ake sha, har da asfirin da na gargajiya da ƙwayoyin tsarin iyali, domin wasunsu suna tsinka jini, wasu kuma suna ƙara masa saurin daskarewa.

Alamun da ba a jira gari ya waye

Wani bincike da likitoci biyu, Grazer da de Jong, suka wallafa a Amurka a shekarar 2000 ya ƙirga mutuwa 95 cikin ayyuka 496,245 da aka yi daga 1994 zuwa 1998, watau kimanin mutum ɗaya cikin 5,000. Babban musabbabin da suka gano shi ne gudan jini da ke tasowa daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu. Sauran sun haɗa da huda hanji ko wani kayan ciki, da matsalar maganin barci, da shigar kitse cikin jini. An sami ci gaba a dabarun aikin tun daga lokacin, amma waɗannan haɗurra suna nan.

Alamun da ke bukatar a garzaya asibiti nan take su ne ɗaukewar numfashi, ciwon ƙirji, kumburi da ciwo a ƙafa guda, zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa tare da amai ko kumburin ciki, suma, da fatar da ta yi baƙi ko take fitar da mugunya mai wari. Ciwon tiyata yana raguwa ne kullum. Wanda ke ƙaruwa alama ce ta cewa wani abu ya ɓaci.

'Yan Nijeriya ba za su manta da rasuwar uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Misis Stella Obasanjo, ba. Ta rasu a yankin Marbella na ƙasar Sifen ranar 23 ga Oktoba, 2005, tana da shekara 59, kwana biyu bayan an yi mata wannan aiki. A 2009 wata kotu a Malaga ta yanke wa likitan hukuncin ɗaurin shekara ɗaya, ta hana shi aiki shekara uku, ta kuma umarce shi ya biya ɗanta diyyar yuro 120,000. An shaida wa kotun cewa bututun ya shiga cikin ciki ya huda hanji ya kuma raunata hanta, kuma an yi jinkirin gano hakan da kai ta babban asibiti. Kuɗi da matsayi da tsadar asibitin ba su maye gurbin ido mai lura a sa'o'in bayan aiki ba.

A Amurka ma, rasuwar Donda West, mahaifiyar mawaƙin nan Kanye West, kwana ɗaya bayan tiyatar gyaran jiki a Nuwamba 2007, ta sa Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2009 wadda ta wajabta duba lafiyar mutum kafin a yi masa irin wannan aiki.

Haɗarin yana ninkuwa idan aka haɗa zuƙe kitsen da dasa shi a mazaunai, wanda shi ne yayin da ake yi a Legas. A 2018 ƙungiyoyin likitocin gyaran jiki suka yi gargaɗin haɗin gwiwa cewa mutuwa a wannan aiki tana iya kai mutum ɗaya cikin 3,000, suka kuma ja kunnen likitoci da kada su ɗura kitsen cikin tsoka, inda manyan jijiyoyin jini suke. Jinyarsa ma ta fi wuya, domin ana hana majiyyaci zama a kan mazaunansa har tsawon makonni, abin da mai zaman shago ko direba ya kamata ya yi tunani a kai.

Lissafin ɗan kasuwa

Ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Amurka ta ba da dala 3,637 a matsayin matsakaicin kuɗin likita a 2020, amma ta bayyana cewa wannan bai haɗa da kuɗin mai sa barci da ɗakin tiyata da sauran ɗawainiya ba. Wannan rarrabewa ita ce abin da mai saye zai kula da shi a ko'ina. Bayan kuɗin likita akwai na gwaje-gwajen jini da na zuciya, da na kwanan asibiti, da magunguna, da rigunan matsi, da tausar da wasu likitoci ke rubutawa, da ladan ma'aikaciyar jinya da za ta riƙa zuwa gida, da kuɗin zirga-zirgar komawa ganin likita. Idan fata ta yi gargada ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, gyaran aiki ne na biyu, ba a yin sa sai bayan wata shida ko fiye, kuma sau da yawa da kuɗinsa daban.

Inshorar lafiya ba ta biyan kuɗin tiyatar ado. Tsarin inshorar lafiya na ƙasa ya cire ta daga abubuwan da yake ɗauka, kamfanoni masu zaman kansu ma haka suke yi bisa al'ada. Yana da kyau mai inshora ya tambayi kamfaninsa a rubuce ko zai ɗauki nauyin matsalar da ta biyo bayan aikin, domin kwana kaɗan a ɗakin masu tsananin ciwo na iya cin fiye da kuɗin tiyatar baki ɗaya.

Sai kuma ranakun kasuwa. Alal misali, mai shagon da ke samun ribar naira 50,000 a rana, idan ya yi mako biyu bai fita ba, ranakun ciniki 12 ke nan, watau naira 600,000, ban da abin da zai zurare idan aka bar yaran shago ba mai sa ido. Wanda sana'arsa ta ƙunshi ɗaga kaya ko doguwar tafiyar fatauci, kamar masu kawo tumatir da albasa Mile 12 daga arewa, sai ya ninka wannan lokaci. Zaman sa'o'i cikin cunkoson motocin Legas ko a motar dare yana ƙara haɗarin daskarewar jini a makonnin farko. Ga masu ɗaukar ma'aikata kuwa, Dokar Ƙwadago ta tanadar wa ƙananan ma'aikata hutun rashin lafiya da albashi na kwana 12 na aiki a shekara bisa shaidar likita, wanda jinyar wannan aiki za ta iya cinyewa a zama ɗaya.

Zaɓen lokaci ma yana cikin lissafi. Jikin da ke jinya yana bukatar ruwa da abinci da magani a kan kari, don haka bai dace a sa aikin dab da azumi ko tafiyar Hajji ba, haka nan a jajibirin Salla ko ƙarshen shekara, lokacin da ciniki ya fi tashi.

Masu fita waje

Kafin watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji, ana sayar da dala a kan kimanin naira 460 a hukumance. Ya zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wannan ya ninka kuɗin tafiya neman magani fiye da sau uku a lissafin hukuma, ya kuma sa wasu suna gajarta zamansu a waje don rage kuɗin masauki, abin da ke da haɗari ƙwarai. Hukumar NHS ta ba da shawarar kada a hau jirgin sama sai bayan kwana biyar zuwa bakwai da zuƙe kitse, domin tiyata da doguwar tafiyar jirgi kowannensu yana ƙara haɗarin gudan jini.

Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, watau CDC, ta ba da rahoto a 2024 cewa Amurkawa 93 ne suka mutu bayan tiyatar gyaran jiki a Jamhuriyar Dominikan daga 2009 zuwa 2022. A cikin gawarwakin da aka bincika, akasarinsu kitse ne ko gudan jini ya toshe masu huhu, kuma da yawansu masu ƙiba ne da aka yi wa ayyuka da dama a shiga ɗaya. Haɗa ayyuka don a sami ragin farashi dabara ce mai kyau a sayen atamfa, amma a ɗakin tiyata tana tsawaita lokacin barci da yawan raunin. Bugu da ƙari, wanda ya dawo gida ya bar likitansa a wata ƙasa, sai ya nemi wani a nan da zai karɓi aikin da bai san yadda aka yi shi ba. Dillalin da ya shirya tafiyar kuwa la'adarsa ta riga ta fita.

Wa ke sa ido a gida

Hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, watau MDCN, ita ke yi wa likitoci rajista, ita kuma ke hukunta su. Amma lasisin likita kaɗai bai nuna ƙwarewa a gyaran jiki ba. Ƙwararre shi ne wanda ya yi ƙarin shekaru na horo ya ci jarrabawar Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, ko Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, ko makamancinsu a waje. Irin waɗannan likitoci suna da ƙungiyarsu mai suna NAPRAS. A Jihar Legas hukumar HEFAMAA ce ke ba asibitoci izinin aiki tana kuma duba su. Hukumar kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta taɓa rufe wani asibitin gyaran jiki a Lekki a 2020 bayan koke-koken jama'a, kuma tun 2018 aka ƙaddamar da kundin haƙƙin majiyyata, wanda ya ba mutum ikon sanin cikakken bayani da kuɗin aiki kafin ya amince.

Tambayoyin da mai saye zai yi ba su bambanta da na kowace babbar yarjejeniya ba. Wace takardar ƙwarewa likitan ke da ita? Wane ne zai sa barci, likita ne ko kuwa? Lita nawa za a zuƙe? Ina za a kwana, wa zai duba cikin dare? Idan abu ya ɓaci, wane babban asibiti za a kai mutum, akwai jini a kusa? Me farashin ya ƙunsa, wa zai biya kuɗin gyara? Duk amsar a karɓe ta a rubuce. Asibitin da ke gaggauta mutum da cewa ragin farashi zai ƙare gobe ya cancanci a yi masa kallo na biyu, domin Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Abin da kuɗin ba ya saye

Wani bincike da aka yi a Jami'ar Washington da ke St. Louis, aka wallafa a 2004, ya bi mata 15 masu ƙiba da aka zuƙe wa kitse mai nauyin kilo 10 ko kusa da haka. Ba a ga wani sauyi a sukarin jininsu ko hawan jini ko kitsen jini ba, domin bututun yana ɗebe na ƙarƙashin fata ne kawai, kitsen da ke kewaye da hanji da hanta, wanda shi ke jawo cuta, yana nan inda yake. Wani binciken na Jami'ar Colorado a 2011 ya nuna cewa cikin shekara ɗaya kitsen ya dawo, sai dai ya fi taruwa a saman ciki. Aikin ya fi dacewa da wanda nauyinsa ke kusa da daidai, fatarsa ke da ƙwari, amma wani wuri ya ƙi bajewa duk da motsa jiki.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta rage ƙiba ta hanyar tiyata idan ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya sai ita, kuma an amintu daga cutarwa.

Ga ɗan kasuwar da ya auna duk waɗannan ya kuma yanke shawarar ci gaba, abin da ya rage shi ne ya tanadi kuɗi na musamman don abin da ka iya tasowa, ya damƙa shagonsa ga amintaccen wakili na aƙalla mako biyu, ya samu wanda zai kwana da shi, kana ya riƙe ranakun komawa ganin likita kamar yadda yake riƙe ranar biyan bashin banki.